Wai 'yan Republican ne masu tarbiyya a Amurka? Muhawarar da ta kaure a gurup ɗin dangi

Alhaji Babba:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ni fa ina nan a kan bakana, in dai maganar tarbiyya ake a Amurka to 'yan jam'iyyar Republican ne masu ita, su ne masu ra'ayin riƙau, suna kare aure tsakanin namiji da mace, suna yaƙi da zubar da ciki, suna so yaro ya ji maganar uwarsa da ubansa, ba sa jin kunyar ambaton Allah a bainar jama'a. Su kuwa 'yan jam'iyyar Democrat masu sassaucin ra'ayin nan babu wani abu da suke kira haramun, duk abin da ka ga dama ka yi tunda wai jikinka ne. A zamanin Obama aka halatta auren jinsi a 2015, alƙalan da Trump ya naɗa ne suka taimaka a 2022 aka soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki. Don haka duk Musulmin da ya san ciwon kansa ya san inda zai karkata. Mai ja ya fito.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara girma, amma ni ina da ja. Akwai wani farfesa na ilimin halayyar ɗan Adam a can Amurkan, Jonathan Haidt, shi da abokan aikinsa sun daɗe suna bincike a kan wannan tambayar tamu, ya fitar da littafi a kai a 2012. Abin da yake cewa shi ne ɗan Adam in zai yanke hukunci cewa kaza daidai ne kaza kuskure ne, ginshiƙai shida yake dafawa, tausayi da gudun cutar da wani, adalci da ƙin ha'inci, kishin naka da ƙin cin amana, biyayya ga na gaba, tsarki da ƙyamar ƙazanta, sai 'yanci da ƙin danniya. Ya ce masu sassaucin ra'ayi kusan duk nauyinsu a kan tausayi da adalci da ƙin danniya suke ɗorawa, 'yan riƙau kuma suna taɓa duka shidan. Kenan mutumin da yake kasa barci don an kori wani daga gidan haya cikin sanyi shi ma ɗabi'a ce take cinsa, ba za a ce ba shi da haramun ba, haramun ɗinsa shi ne a bar mai rauni ya wulaƙanta.

Alhaji Babba:
To Auta ai da bakinka ka faɗa, waɗancan uku gare su waɗannan shida. Wa ya fi cika kenan? Ai ka kawo min hujja ne.

Auta:
Yaya ba lissafin yawa ba ne, nauyi ne. Wanda ya raba hankalinsa gida shida, duk ranar da tausayi ya ci karo da kishin ƙasa zai iya barin tausayin. Kuma mutane da yawa sun soki binciken ma, don galibin waɗanda suka amsa tambayoyin mutane ne da suka shiga intanet da kansu suka cike.

Maman Ikram:
Salam. Yanzu na taso daga aiki na tarar da wannan, Yaya ka yi haƙuri zan yi tsawo don ni a cikin mutanen nan nake kwana nake tashi. Abin da ka faɗa a kan makarantun yara wlh gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Ranar da Ikram ta dawo da wani littafin labari daga makaranta, ɗan ƙarami mai hotuna masu kyau, na buɗe na ga abin da ake nuna wa yarinyar da ko wankan kanta ba ta gama iyawa ba, jikina ya yi sanyi, ban iya cin abinci ba daren nan. Da muka je taron iyaye waɗanda suka tsaya tare da mu matan coci ne, 'yan Republican na ƙin ƙari, ɗaya har ta riƙe min hannu. Kuma iyaye Musulmi da Kirista ne suka haɗu suka kai ƙara daga jihar Maryland har Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a watan Yuni 2025 cewa suna da damar cire 'ya'yansu daga irin wannan darasin, alƙalai shida 'yan riƙau suka goyi baya, uku masu sassauci suka ƙi. Duk na yarda.

Amma Yaya a Janairu 2017 da Trump ya sa hannu ya hana mutanen ƙasashe bakwai shigowa, Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman, su wa kake zato suka cika filin jirgi suna zanga-zanga, lauyoyi zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya suna rubuta takardu kyauta don a saki tsofaffin da aka tsare? Waɗancan ɗin ne da ka ce ba su san haramun ba. A 2020 aka saka Najeriya ma cikin waɗanda aka hana bizar zama, lokacin takardun Hajiya suna kan hanya, kun san yadda muka yi da ita. Biden ne ya soke a ranar da ya hau. To ni da wane ido zan kalli mutanen nan in ce ba su da tarbiyya?

Ustaz:
Allah ya saka da alheri Maman Ikram. Ni abin da nake so mu tuna, ayar da liman yake karantawa kusan kowace Juma'a a ƙarshen huɗuba, Suratun Nahli aya ta 90, Allah yana umarni da adalci da kyautatawa da bai wa dangi, yana hani ga alfasha da munkari da zalunci. Aya ɗaya ce, numfashi ɗaya. Su can sun raba ta biyu, wasu sun ɗauki adalci da kyautatawa sun bar hani ga alfasha, wasu sun riƙe hani ga alfasha da zancen iyali sun sassauta a wajen haƙƙin talaka da baƙo. Mu ba a ba mu zaɓin ɗaukar rabi ba. Shi ya sa ba na son kalmar nan ta Alhaji cewa duk Musulmin da ya san ciwon kansa ga inda zai je, wannan ɗora wa addini jam'iyya ne, kuma jam'iyya tana sauya riga. Bill Clinton ɗan Democrat ne ya sa hannu a dokar 1996 da ta ce aure a idon gwamnatin tarayya na namiji da mace ne. Obama da kansa a 2008 haka ya ce, sai a 2012 ya juya.

Alhaji Babba:
Ustaz ban ɗora wa addini jam'iyya ba, cewa nake in sharri biyu suka haɗu a ɗauki mai sauƙi. Biza abin duniya ne, a hana ka shiga Amurka ba a hana ka shiga aljanna ba. Amma a lalata maka tunanin ɗa tun yana firamare fa? Maman Ikram ke ma kin san garin Hamtramck da ke kusa da ku, a 2023 kansilolinsa duk Musulmi ne, suka hana kafa tutar 'yan luwaɗi a kan gine-ginen hukuma, su wa suka yi musu ca? Abokan tafiyarsu na da. Magajin garin na lokacin ɗan asalin Yaman ne kuma ya goyi bayan Trump a 2024. Ba ni kaɗai nake wannan tunanin ba.

Malam:
Ranka ya daɗe Alhaji bari in shigo ta wajen tarihi, don in ba a san daga ina ra'ayoyin nan biyu suka taso ba za a yi ta zagaye ne. Wanda ake ɗauka a matsayin uban ra'ayin riƙau na zamani shi ne Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila haifaffen Ailan. A 1790, ana tsakiyar juyin juya halin Faransa, ya rubuta cewa al'umma yarjejeniya ce tsakanin waɗanda suke raye da waɗanda suka mutu da waɗanda ba a haifa ba. Ma'ana abin da ka gada, aure ne, sarauta ce, ibada ce, ba naka ba ne kai kaɗai balle ka rushe shi don wata dabara da ta zo maka jiya, hankalin mutum ɗaya gajere ne, abin da ya daɗe yana aiki akwai hikima a ciki ko da ba ka gan ta ba. Kuma bai daɗe da faɗa ba aka shiga sare kawuna a Faransa, aka kashe sarkin a 1793. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai ce ai maganar kakana ce.

A ɗaya ɓangaren akwai John Stuart Mill, shi ma Bature ɗan Ingila, a 1859 ya ce dalili ɗaya tak ne zai sa hukuma ko jama'a su tilasta wa baligi mai hankali abin da ba ya so, shi ne a hana shi cutar da wani. In kansa kawai zai cuta, a yi masa nasiha amma kar a ɗaure shi. Wannan tunanin bai faɗo daga sama ba, Turai ta yi shekaru aru-aru Katolika da Furotesta suna yanka juna, yaƙin da aka yi daga 1618 zuwa 1648 kaɗai ya ci miliyoyin rayuka, har wasu suka ce kai a bar kowa da imaninsa, hukuma ta cire hannunta. Tsoron zubar da jini ne ya haifi sassaucin, tsoron rushewar gida ne ya haifi riƙon.

To ga inda nake so Alhaji ya tsaya ya duba. Kishin namu da gadonmu da yake sa ɗan riƙau na Amurka ya kare aure da coci, shi ne dai yake sa ya kalli Maman Ikram da hijabinta ya ga baƙuwa ce da ta zo sauya masa ƙasa. Gadon da yake karewa nasa ne, ba namu ba. A 2010 mutanen jihar Oklahoma kusan kashi 70 cikin ɗari suka kaɗa ƙuri'ar hana kotunansu la'akari da shari'ar Musulunci, sai kotun tarayya ce ta taka musu burki. Haka kuma a bar kowa ya yi abin da yake so muddin bai cuci wani ba, wanda shi ne yake kare masallacinta da hijabinta, shi ne dai ya kawo littafin nan cikin jakar Ikram. Ba za ka samu ɗaya ka bar ɗaya ba, daga tushe guda suke fitowa.

Alhaji Babba:
Malam a nan kam ban yarda ba. Yarinyar nan da wani kamfanin tufafi, Abercrombie, ya ƙi ɗauka aiki saboda ɗankwalinta, da ta je Kotun Ƙoli a 2015 wa ya rubuta hukuncin da ya ba ta gaskiya? Alƙali Scalia, wanda kowa ya san babu ɗan riƙau kamarsa. A shekarar dai alƙali Alito, shi ma ɗan riƙau, ya rubuta hukuncin da ya bai wa wani fursuna Musulmi damar barin gemu. Mai addini ya fi sanin darajar mai addini, ko ba addininsu ɗaya ba.

Malam:
Wannan gaskiya ne kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai kotun nan ce a 2018, alƙalai biyar 'yan riƙau har da shi Aliton, ta tabbatar da dokar hana shigowar, huɗu suka ƙi. In kana ciki suna mutunta ibadarka, in kana bakin ƙofa kishin ƙasa ne yake magana. Kuma kar a ɗauka ina wanke ɗaya ɓangaren, shi kansa Mill ɗin shekara 35 ya yi yana wa kamfanin da ya mallake Indiya aiki, ya kuma rubuta ƙarara cewa 'yancin da yake magana bai shafi al'ummomin da ya kira marasa wayewa ba. Burke ɗan riƙau kuwa shi ne ya shafe shekaru yana neman majalisa ta hukunta gwamnan Ingila a Indiya, Warren Hastings, saboda zaluntar mutanen can.

Kawu:
'Ya'yana ina ta karantawa, Allah ya yi muku albarka. Kun tafi Amurka da Ingila, mu a nan mun ga wannan rigimar da idonmu. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, mahaifina tela ne kuma almajirin malamai, ya shiga tun da wuri. 'Yan NPC, jam'iyyar Sardauna da sarakuna, suna cewa Salama, su suna cewa Sawaba. Abin da aka riƙa jifansu da shi kenan, marasa kunya, marasa tarbiyya, 'yan iska masu zagin sarakuna, ba sa cire takalmi ba sa faɗuwa gaisuwa. Irin maganar da Alhaji ya buɗe da ita sak. An kama mahaifina don sun yi taro a zaure ba izini, aka yi masa bulala a gaban mutane aka ɗaure shi, da ya dawo ina yaro ƙarami na ga bayansa, mahaifiyarmu tana shafa masa man kaɗanya tana kuka a hankali don kar mu ji, keken ɗinkinsa ya yi wata da watanni a rufe da tsumma babu mai kawo ɗinki saboda tsoro. Wannan mutumin bai taɓa fashin sallar asuba a jam'i ba. To shi ne mara tarbiyya?

Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, tafsiri yake yi, da Alƙur'ani da littattafan Shehu Ɗanfodiyo yake kafa hujja a kan sarakunan, yana cewa abin da Shehu ya yaƙi sarakunan Haɓe a kai, haraji na zalunci da ƙwace da aikin tilas, shi kuka dawo da shi. Su ma sarakunan da malamansu da aya suke amsawa, ku bi Allah ku bi Manzo da majiɓinta al'amarinku. Kowa da ayarsa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba don ta ce mata su yi zaɓe su yi karatu, matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a 1976, yau ga Maman Ikram tana jinyar Turawa. Kuma ranar da Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau a 1979, na ga dattijo yana hawaye a kasuwa, mutumin da duk shekara in mai unguwa ya taho da ɗan doka sai ya gudu ya kwana a gona.

Alhaji Babba:
Allah ya ja kwana Kawu, Allah ya jiƙan kaka. Ban isa in yi musu da abin da ka gani ba. Amma a yi wa Sardauna adalci shi ma, ba don riƙonsa ba da Arewa ta tarwatse tun kafin a samu 'yanci, shi ya kafa jami'ar Zariya a 1962, shi ya dage sai 'yan Arewa sun riƙe aikin gwamnatin Arewa, 'ya'yan talakawa nawa aka kwaso daga ƙauye aka kai makaranta? Ya san in aka tumɓuke sarauta rana ɗaya babu abin da zai maye gurbinta. Kuma mun ga abin da ya faru a Kano a watan Yuli 1981 da Rimi ya aika wa Sarki Ado takardar tuhuma, gari ya kama da wuta, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa Rimi shawara. Gaggawar sauyi ma tana cin rai.

Kawu:
Ban ce Sardauna bai yi aiki ba ɗana, ya yi, kuma bai tara dukiya ba. Amma waɗanda suka kashe Bala Muhammad ba masu neman sauyin ba ne.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida iyaye. Mu ma a Nijar haka ta faru, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, tana son 'yanci nan take, sarakunan gargajiya da yawa suka bi ɓangaren i tare da Diori Hamani da Faransa, aka kayar da ita, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Tsofaffinmu har yau in aka taɓo zancen wasu su ce Djibo ya so ya jefa ƙasa a rami ba shiri, wasu su ce shi kaɗai ne ya ƙi sayar da mutunci. Kuma tunda ana yabon masu sassauci, kar a manta a zamanin Obama aka ruguza Libiya a 2011, makaman da suka bazu mu muka sha wahalarsu a Sahel.

Malam:
Madalla da wannan. Abu ɗaya dai, kar mu ɗauki NEPU mu ce ita ce Democrat, NPC kuma Republican, ba za su hau ba. Ɗan NEPU a kan aure da kunya da ibada, in ka kai shi Amurka yau ɗan riƙau za su kira shi na ƙarshe, a kan haraji da haƙƙin talaka kuma ya wuce Democrat nesa. Tafawa Ɓalewa kuma, wanda ya zama jigon NPC, shi ne a Agusta 1950 ya tashi a majalisar Arewa ya kawo ƙudurin a gyara mulkin En'e. Layin da ya raba su can ba shi ne ya raba mu ba.

Alhaji Babba:
To mu dawo kan adalcin da kuke ta cewa na masu sassauci ne. Ni ɗan kasuwa ne, na fara da ɗaukar dila a kai, rana ta dake ni ruwa ya dake ni. A ce wai adalci shi ne gwamnati ta ƙwace daga hannun wanda ya tashi da asuba ta miƙa wa wanda yake kwance, wannan ni a wajena zalunci ne. Kowa ya ci guminsa. In zan taimaki talaka in taimake shi da hannuna don Allah, in san wanda na bai wa, ba wani ma'aikaci ya karɓa ya cinye rabi a hanya ba, mu da muke Najeriya ai mun fi kowa sanin inda kuɗin gwamnati yake zuwa. Reagan da ya ce a 1981 gwamnati ba ita ce maganin matsalar ba ita ce matsalar, wlh kamar da mu yake.

Auta:
Yaya wannan ma yana cikin binciken, kalmar adalci kowa yana riƙe da ita amma ɗan riƙau yana nufin kowa ya samu gwargwadon wahalarsa, mai sassauci yana nufin kar tazara ta yi yawa har wani ya rasa inda zai fara. Tambayata ita ce yaron da aka haifa a gidan da babu ko kuɗin littafi, shi gumin wa zai ci kafin ya girma?

Maman Ikram:
Kuma Yaya ba duk wanda yake karɓar taimako ne yake kwance ba. Akwai wata tsohuwa da na yi jinya, shekarunta na ƙarfi duk a wankin ɗakunan otal suka ƙare, tana da ciwon suga, sai na lura kwalbar insulin ɗinta ba ta ƙarewa yadda ya kamata, da na matsa mata ta ce rabin abin da likita ya rubuta take yi wa kanta don ya kai ta ƙarshen wata, tana faɗa tana sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifi. Ƙafarta ta riga ta fara lalacewa. Dokar da aka yi a 2022 ta ƙayyade wa tsofaffi masu inshorar gwamnati dala 35 a wata, babu ɗan Republican ko ɗaya da ya kaɗa mata ƙuri'a a majalisa. Ba na cewa ba su da tausayi, maƙwabcina ɗan Republican ne kuma duk Asabar yana cocinsu yana rabon abinci kyauta, in ƙanƙara ta zubo shi yake share min ƙofar gida ban roƙe shi ba. Shi a ganinsa wannan aikin maƙwabci ne da coci, ba na gwamnati ba. Sai dai coci ba ta iya sayen insulin ɗin tsofaffin ƙasa gaba ɗaya.

Ustaz:
Alhaji a nan sai ka yi hattara, don zakka ba a bar ta ga ganin damar mai dukiya ba, Sayyidina Abubakar yaƙi ya yi da waɗanda suka hana ta, Sayyidina Umar kuma daga baitul mali ya yanka wa mutane abin da za su riƙa karɓa. Hukuma ta karɓa daga mawadata ta mayar wa matalauta, wannan namu ne tun kafin a san da Amurka. Su kuma duka jam'iyyun biyu a kan riba tattalin arzikinsu yake tsaye, babu mai ƙyamarta a cikinsu.

Alhaji Babba:
Ustaz zakka ɗaya ce cikin arba'in, Allah ne ya yanka kuma ya faɗi mutum takwas da za a bai wa. Can harajin tarayya kaɗai yana kaiwa kashi 37 cikin ɗari ga masu samu da yawa, kuma da shi ake sayen bama-baman da aka zuba a Gaza a zamanin Biden, mai tausayin naku. Kar a haɗa su.

Ɗan Maraɗi:
Bush ɗan Republican ne ya mamaye Iraƙi a 2003, kuma a shekarar dai ya kafa shirin rabon maganin ƙanjamau da ya ceci miliyoyin mutane a Afirka har da Najeriya. Trump ɗan jam'iyyarsa ne ya zo ya rushe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, a 2025. In ya zo ga mu na waje ni ban ga ɗabi'ar da take jan kowannensu ba sai ta ƙasarsu.

Alhaji Babba:
Na ji duka. Zan rage kalma ɗaya, ba zan ƙara cewa ba su da tarbiyya gaba ɗaya ba saboda maganar Kawu, amma a kan iyali da 'ya'ya har gobe 'yan riƙau sun fi kusa da mu, kuma ni iyali ne a gaba da komai, in gida ya rushe babu inshorar da za ta gyara shi. Maman Ikram ke da kike da ƙuri'a a can, faɗa mana tsakani da Allah, in kin shiga rumfar zaɓe wa kike dangwala wa?

Maman Ikram:
Yaya takardar zaɓenmu doguwa ce, ba shugaban ƙasa kaɗai ba ne a kai, har da alƙalai da 'yan majalisar jiha da hukumar makarantun unguwa. Ta makarantu babu tambarin jam'iyya a gaban suna, sai na bi na ji me kowa ya ce a kan haƙƙin iyaye, kuma galibi waɗanda matan cocin nan suke so su nake zaɓa. A majalisar jiha ina duba wanda ba zai taɓa inshorar marasa ƙarfi ba, don ni nake ganin ƙafafun da ake yankewa, nan kuma galibi Democrat ne. Na shugaban ƙasa a 2024 na daɗe a tsaye da biro a hannuna, ga Gaza ga dokar hana shigowa, na kasa ba kowannensu, na bai wa 'yar takarar wata ƙaramar jam'iyya duk da na san ba za ta ci ba. A garin Dearborn inda Larabawa suka fi yawa Trump ne ya zo na ɗaya a zaɓen, watanni kaɗan bayan ya hau, a Yuni 2025, ya sake fito da sabon jerin ƙasashen da aka hana shigowa, har da Yaman da Sudan da Chadi. Akwai wata abokiyar aikina 'yar Sudan da ta zaɓe shi saboda maganar makarantun yara, mahaifiyarta tana Masar tana gudun yaƙi, har yanzu ba ta samu ta kawo ta ba.